"Pick up": kalma biyu, fuska goma, tambayoyi da amsoshi

Wanda ya yi karatunsa da Faransanci a Garwa, Marwa, Ngawundare ko Njamena, in ya juyo kan Ingilishi, manyan kalmomi ba su cika ba shi wahala ba. "Information", "government", "important", duk ya san 'yan'uwansu a Faransanci. Ƙananan ne ke kayar da shi: aikatau gajere da wata 'yar kalma a manne a bayansa, abin da malaman nahawun Ingilishi ke kira phrasal verb. Ga tambayoyin da ɗalibai, 'yan kasuwa da direbobi suka fi yi game da ɗaya daga cikinsu, wato "pick up".

Mene ne asalin ma'anar "pick up"?

Ɗaukar abu daga inda yake ajiye, galibi daga ƙasa ko kan tebur, a ɗaga shi da hannu. Biro ya faɗi, malami ya ce "Pick up your pen". Yaro yana kuka a tabarma, uwa ta sunkuya ta ɗauke shi: "She picked up the baby". Bafaranshe zai ce ramasser ko prendre. Sauran ma'anonin duk daga wannan suka yi reshe, kuma in ka riƙe hoton hannu yana ɗago abu, rabinsu za su zo maka da kansu.

Me ya sa kalma ɗaya za ta yi ma'ana goma? Ba rikici ba ne?

Bahaushe bai kamata ya yi wannan ƙorafi ba. Dubi "ci": ci tuwo, ci kasuwa, ci jarrabawa, ci amana, ci bashi, ci sarauta. Dubi "sha": sha ruwa, sha wahala, sha iska, sha kashi. Babu Bahaushen da ya zauna ya haddace waɗannan a jere. Kalmar da ta biyo baya ce ke faɗa masa wace "ci" ake nufi. Haka "pick up" take. Ka duba abin da aka ɗauka: mutum ne, waya ce, harshe ne, cuta ce? In kuma babu abin da aka ɗauka sam, ka duba wa ke aikatawa: kasuwa ce, iska ce, mota ce? Amsar tana nan.

To, in fassara ta da "ɗauka" kawai na huta?

Sau da yawa za ta yi, har abin ya ba ka mamaki. Ɗauki waya, ɗauki fasinja, ɗauki cuta, ɗauki hali, duka huɗun "pick up" ne a Ingilishi. A nan Hausa ta fi Faransanci kusa da Ingilishi, domin Faransanci sai ya kawo kalmomi daban-daban: décrocher, prendre, attraper, da sauransu.

Amma hanyar ba ta komawa baya lafiya. Akwai "ɗauka" da yawa waɗanda ba "pick up" ba ne, kuma nan ne ake zamewa. Ɗaukar hoto "take a photo" ne. Ɗaukar ma'aikaci "hire" ko "take on". Abu ya ɗauki lokaci, "it took time". Ɗaukar ciki "get pregnant". Ɗaukar kaya a ka daga kasuwa zuwa gida kuwa "carry" ne, saboda "pick up" lokacin ɗagawa kaɗai take nufi, ba tafiyar da ta biyo baya ba. Ɗan dako yakan "pick up" buhun albasa sau ɗaya, sannan ya "carry" shi har bakin mota.

Mene ne bambancin "pick" da "pick up"?

Babba ne, kuma manomin auduga ya fi kowa buƙatar sanin sa. "Pick" ita kaɗai tsinka ce ko cira daga jikin shuka, ko kuma zaɓe. Mata a gona suna cirar auduga: "They are picking cotton". Yaro ya hau bishiya yana tsinkar mangwaro: "He is picking mangoes". In iska ta kakkaɓo mangwaron yana tsinta a ƙasa, to ya koma "He is picking up mangoes". Motar SODECOTON, kamfanin auduga na Kamaru, kuma in ta zo kwasar audugar da aka auna a kasuwar ƙauye, ita ma "pick up" ce, amma da ma'anar zuwa karɓa.

A wajen zaɓe, "Pick a number" na nufin zaɓi lamba. In ka ce "pick up a number", mai sauraro zai duba ƙasa ko kan tebur yana neman takardar da aka rubuta lambar.

Yaya zan ce wa mutum ya zo ya ɗauke ni a tasha?

"Can you pick me up at the station?" Wannan ita ce ma'anar da za ka fi amfani da ita a rayuwa, don haka mu tsaya a kanta. Tana nufin zuwa inda mutum ko kaya yake jira, a taho da shi, galibi da mota ko babur. Jimlar da ta cika tana da abu uku: wa za a ɗauka, a ina, ƙarfe nawa. Wanda ya hau jirgin ƙasa na dare daga Yawunde zai rubuta wa ɗan'uwansa a Ngawundare: "Please pick me up at the train station tomorrow morning". Uba zai ce: "I pick up the children from school at 3". Ɗan kasuwa zai ce wa yaronsa: "Go and pick up the parcel from the agency".

Ana sa "at" in ana nufin wurin haɗuwa, ana sa "from" in ana nufin inda za a ɗauko. Sau da yawa kowanne ya yi.

Kishiyarta "drop off": "I will drop you off at the market", zan sauke ka a kasuwa. Ka koye su tare kamar takalmi ƙafa biyu.

Kurakurai uku ake yi wajen maganar zuwa ɗauko mutum. Na farko daga Faransanci yake zuwa: aller chercher sai ɗalibi ya mai da shi "I will go and search you". "Search" wa mutum caje ne, irin na jandarma a shinge, ana lalube aljihu. Na biyu "I will come and take you", wanda bai cika ba, mai ji zai jira ka faɗi ina za ka kai shi. Na uku daga Pidgin yake, "come carry me". A Mubi ko Yola kowa zai gane, kuma babu laifi a bakin tasha. Amma ga Bature, roƙo kake ya goya ka.

Ina ake sa abin da aka ɗauka, a tsakiya ko a ƙarshe?

In suna ne, ko'ina: "pick up the bag" da "pick the bag up" duka daidai ne. In wakilin suna ne, wato me, you, him, her, it, us, them, dole ya shiga tsakiya. "Pick it up", "pick me up", "pick them up". Babu "pick up it", babu "pick up me". Wannan doka ba ta da rangwame, kuma masu shirya tambayoyin Ingilishi na jarrabawar BEPC, Probatoire da Bac sun san ɗalibai na tuntuɓe a kanta.

In abin da aka ɗauka dogon zance ne, ka ture shi ƙarshe. "Pick up the three bags of onions that came from Maroua yesterday" ya fi daɗi da ka raba "pick" da "up" da kalma goma, har mai ji ya manta yana jiran ta.

Kuma duk wani canjin lokaci a jikin "pick" yake sauka: picks up, picked up, picking up. "Up" ba ta karɓar komai.

A waya fa? Ina jin mutane na cewa "pick my call".

Haka ake cewa a Najeriya da yankin masu Ingilishi na Kamaru, kuma ya zauna daram a can: "Why are you not picking my call?" A Ingila da Amurka kuwa "up" ba ta faɗuwa. Sukan ce "pick up the phone", ko "answer my call", ko a gajarce "He's not picking up", ba ya ɗauka. Maganar ta samo asali ne daga tsohuwar wayar tebur, wadda sai ka ɗaga kanta kafin ka ji magana, shi ya sa kashewa ma ake ce masa "hang up", rataye, daidai da décrocher da raccrocher.

Shawararmu: da abokin ciniki na Kano ko Bamenda, faɗi yadda suke faɗa. A takardar jarrabawa ko wasiƙar aiki, rubuta "answer" ko "pick up".

Na ga an rubuta "He picked up Fulfulde in the market". Ya tsinci Fulatanci ke nan?

Kusan haka, kuma "tsinta" ɗin ba ta yi nisa ba. Ana nufin ya iya harshen ta hanyar ji da cuɗanya, ba a aji ba, ba da littafi ba. Bahaushen da ya tashi a Garwa bai shiga makarantar Fulatanci ba, amma yana ciniki da shi. Wanda ya zauna a Kusiri ko Njamena haka Larabcin Cadi ke shiga bakinsa. Wannan shi ne "pick up a language". Wanda ya shekara bakwai yana Ingilishi a lise, wato sakandare, kuwa "learned" ko "studied" ya yi. In ya ce "I picked up English at school", kamar yana cewa a filin wasa ya ji shi, ba wajen malami ba.

Haka ake faɗa game da sana'a da hali. Yaron da ke zama a garejin kawunsa har ya iya kwance kafireto: "He picked it up by watching". Wanda ya koyo shan taba wajen abokai: "He picked up a bad habit". Mai saurin fahimta kuma: "She picks things up quickly", kanta na ja.

Cuta ma ana "pick up" ɗin ta?

Ana yi, musamman wadda ake kwasowa a wani wuri ko wajen wani: mura, tari, ciwon ciki bayan an sha ruwan da ba shi da kyau. "He picked up an infection on the trip". Daidai take da "catch". Ba a faɗin ta ga ciwon da ke tasowa daga jiki, irin hawan jini ko ciwon suga. Waɗannan "develop" ko "have" ake sa musu. A gaban likita mai jin Ingilishi, "I think I picked up something" na nufin ina jin na kwaso wani abu, ban san ko mene ne ba.

"Business is picking up". Me kasuwa ke ɗauka?

Ba ta ɗaukar komai. In ka ga "pick up" babu karɓau a bayanta, wato abin da aka ɗauka, kuma mai aikatawa ba mutum ba ne, to ma'anar ita ce farfaɗowa ko ƙaruwa. Kasuwa ta yi sanyi, sai ga Salla ta matso, tela da mai atamfa suka fara ganin mutane: "Business is picking up". Farashin albasa ya faɗi lokacin da kowa ya kwashe gonarsa, bayan wata biyu ya fara ɗagawa: "Prices have picked up". Hadari ya haɗu, iska ta fara ƙarfi: "The wind is picking up". Mara lafiya ma, ko da yake mutum ce, in ta fara cin abinci tana zama, akan ce: "She is picking up".

Abin lura shi ne kalmar tana ɗauke da labarin cewa da can abin ya yi ƙasa. Kasuwar da kullum cike take ba a cewa ta "pick up". Reprendre na Faransanci ya kama ma'anar sosai.

Mota kuwa "pick up speed" take yi in ta fara cin hanya bayan ta fita gari. Makanike na iya jin "The engine doesn't pick up", wato ana taka totur amma injin ba ya amsawa.

Idan aka ce "the police picked him up", kama shi aka yi?

An tafi da shi, i. Jaridu na son wannan salo: "Three men were picked up last night". Amma ba ta kai "arrest" nauyi a shari'a ba, kuma ba ta nufin an tuhume shi, wanda shi ne "charge". Wataƙila tambayoyi za a yi masa a sake shi, abin da Faransanci ke kira interpeller. Mai fassara labari ya kula, kada ya mai da "picked up" ta zama "an ɗaure".

Wayata a Kusiri tana kama layin Cadi. Akwai "pick up" a nan?

Akwai. "My phone picks up the Chadian network". Kogi ne kawai tsakanin Kusiri da Njamena, don haka ba abin mamaki ba ne. Duk na'urar da ta kamo sauti, sigina ko alama, "pick up" ta yi: rediyo ya kamo tasha, makirfo ya kamo hayaniyar janareta, na'urar asibiti ta gano wani abu a jiki. Kare ma in ya shinshino sawu, "it picked up the scent". Capter na Faransanci ke nan.

Wace ma'ana ce za ta iya ba ni kunya?

Wadda ta shafi mace ko namijin da ba ka sani ba. "He picked up a woman at the bar" na nufin ya yi mata magana ya ja ta da niyyar banza. Saboda haka direba ko mai babur da ke ba da labarin aikinsa kada ya ce "I picked up a girl last night" ya yi shiru. Ya ce "passenger", ko ya cika zancen: wacece, daga ina, zuwa ina. "I picked up my sister from the hospital" ba ta da wata matsala, domin dangantaka da wuri sun rufe ƙofar zato.

Akwai sauran ƙanana da ya kamata in sani?

Akwai, kuma ba sa buƙatar dogon bayani. "Pick up some bread on your way home", biya ka sayo burodi, saye ne na kan hanya ba na shiri ba. "I'll pick up the bill", ni zan biya kuɗin abincin, maganar mai gida ce ga baƙi. "Let's pick up where we left off", mu ci gaba daga inda muka tsaya.

Masu sauraron sharhin ƙwallo da Ingilishi, kamar lokacin da aka buga wasannin kofin Afirka a filin Roumdé Adjia na Garwa a farkon 2022, suna jin ta kowane minti: "He picked up a yellow card", "He picked up an injury", "They picked up three points". A bakin masu sharhi ta zama "samu" kawai, mai daɗi ko marar daɗi.

In wata kalma ta ƙaru a baya, ma'ana ta sake juyawa. "Pick up on something" lura ce da abin da ba a faɗa ƙarara ba, kamar ka gane daga muryar mutum cewa ransa a ɓace yake. "Pick up after someone" bin bayansa ne ana kwashe abin da ya watsar, ƙorafin iyaye mata a ko'ina. "Pick yourself up" tashi ne bayan faɗuwa, ta jiki ko ta kasuwa.

Kada ka haɗa ta da "pick out", zaɓo ɗaya daga cikin tari, ko "pick on", tsangwamar wani.

Motar da ake kira "pick-up" fa?

Daga nan sunan ya fito: mota mai buɗaɗɗen baya da ake zuwa kwasar kaya da ita, a-kori-kura. Faransanci ma aro ya yi bai canja ba. A Cadi ba sai an yi wa kowa bayaninta ba, tunda yaƙin 1987 da Libiya har sunan Toyota aka laƙaba masa saboda irin waɗannan motoci.

Bambancin rubutu: aikatau kalma biyu ne a rabe, "pick up". Suna kuwa a haɗe, "pickup", ko da ɗan layi, "pick-up", jam'insa "pickups". Sunan yana kuma nufin zuwa karɓar kaya ko mutum, shi ya sa za ka ga "pickup time" da "pickup point" a takardun kamfanonin aika kaya. Wajen furuci, suna yana da nauyi a gaba, PICKup, aikatau kuwa a baya, pick UP.

Yaya ake furta ta daidai?

Matsalar farko "p" ce. Hausa ba ta raba p da f, don haka "fik af" ke fita ba tare da mutum ya ji ba. A wasu kalmomi wannan ba komai, amma a nan yana kai ka dab da wata ashar ta Ingilishi, kuma in layin waya ba shi da kyau mai ji zai ɗauka ita ka yi. Gyaran: haɗe leɓɓa biyu gam, tare iskar, sannan ka sake ta da ƙarfi lokaci guda. Riƙe 'yar takarda a gaban bakinka. In "p" ta fita daidai, takardar za ta yi tsalle sau ɗaya. In "f" ce, sai ta yi ta kaɗawa a hankali.

Ta biyu wasalin "pick" gajere ne. In ka ja shi ya zama "peak", ƙololuwa. Wanda ya saba da Faransanci yakan ja shi.

Ta uku "picked": ba "pikid" ba ne, "pikt" ne, gaɓa ɗaya, domin "ed" bayan "k" sautin "t" take bayarwa. Kuma masu harshen ba sa yanka kalmomin, haɗe su suke yi. "Picked up" yakan fito kamar "piktap", "pick it up" kamar "pikitap". Shi ya sa ɗalibi zai san kalmar a takarda amma ta wuce shi a rediyo.

Zan iya sa ta a wasiƙar neman aiki ko rahoto?

A saƙon waya da imel na yau da kullum, sa ta ba fargaba. A rubutun ofis mai nauyi, kowace ma'ana tana da tata kalmar da ke maye ta: "collect" ga karɓo kaya, "acquire" ga koyon harshe ko sana'a, "contract" ga cuta, "improve" ko "recover" ga kasuwa, "detect" ga na'ura, "resume" ga ci gaba. Mai Faransanci zai ga yawancinsu kamar 'yan gida, amma ya yi hattara da ta ƙarshe: "resume" ci gaba ne bayan tsayawa, ba taƙaitawa ba kamar résumer.

Kuskuren da ya fi yawa ma ta ɗaya gefen yake. Ɗalibin da ya ji tsoron ƙananan kalmomi sai ya riƙa magana da manya a ko'ina, ya ce wa abokinsa "I acquired Fulfulde in the market" ko "Commerce is ameliorating". Nahawu bai karye ba, amma ji ake kamar an sa babbar riga an shiga gona.

Wace hanya ce mafi sauƙi ta riƙe su?

Kada ka rubuta "pick up" a saman shafi ka jera ma'ana goma a ƙasa. Kwana biyu za su cakuɗe. Ɗauki ma'ana biyu a mako, ka rubuta wa kowace jimla uku daga harkarka: sunan tashar da kake hawa mota, kayan da kake sayarwa, harshen da ka tsinta a unguwa. Kowace jimla ka sake ta da wakilin suna, "pick up the parcel" ta koma "pick it up", ka faɗe ta da baki sau biyar har "pikitap" ta daina yi maka nauyi. Fara da ɗauko mutum da amsa waya, domin su za ka buƙata tun gobe. Na kasuwa da na koyon harshe su biyo baya a mako na biyu, na 'yan sanda da na sigina kuwa gane su in ka ji ya wadatar tukuna.